SHARHI: Dokar Ƙwadagon Najeriya ba ta san awa takwas ba

Duk ranar 1 ga Mayu ma'aikatan Najeriya kan sa anko su yi maci a Dandalin Eagle da ke Abuja da filayen wasa na jihohi, gwamnoni su yi alkawura, shugabannin ƙwadago su karanto koke-koke. Asalin ranar kuwa yajin aikin da ma'aikatan Amurka suka yi ne a 1886, wanda ya fi zafi a birnin Shikago, suna neman a taƙaita aikin yini zuwa awa takwas. Gwamnatin Abubakar Rimi ta Kano ce ta fara ba da hutun ranar a 1980, kafin gwamnatin Shehu Shagari ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Sama da shekara 40 ke nan ana wannan hutu, amma abin da aka yi yajin aikin dominsa bai shiga Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba har yau.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa doka ce ta yanke aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Wannan tsarin ma'aikatan gwamnati ne. Dokar Ƙwadago, wadda aka gada daga mulkin soja na shekarun 1970, ta yi maganar lokacin aiki a Sashe na 13, kuma babu adadin awanni na yini ko na mako a cikinsa. Abin da sashen ya ce shi ne, lokacin aiki na yau da kullum shi ne wanda aka tsayar ta ɗaya daga hanyoyi uku: yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki, ko sulhu tsakanin ƙungiyar ƙwadago da masu kamfani, ko kuma hukumar tsara albashi ta masana'antu a inda babu hanyar yin sulhun. Duk abin da ya haura wannan lokaci, shi ne aikin ƙarin lokaci, wanda ma'aikata ke kira obataim.

A nan gizo ke saƙar. Idan takardar ɗaukar aiki ta ce awa 12 ne aikin yini, to a idon doka awa 12 ɗin ne aikin yau da kullum, sai daga awa ta 13 za a fara lissafin ƙarin lokaci. Ko an kai can ɗin ma, dokar ba ta yanke nawa za a biya ba. Ta ambaci kuɗin ƙarin lokaci, ta bar adadinsa a hannun yarjejeniyar da aka ƙulla. Wace irin yarjejeniya ce kuma za ta yiwu tsakanin mai kamfani da matashin da ya shekara biyu yana yawo da takardunsa a ambulan, ga wasu hamsin a bakin ƙofa suna jiran ya ce a'a? Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Zai sa hannu, kuma daga ranar sa hannunsa ya zama hujja a kansa.

Dokar ba ta bar ma'aikaci hannu rabbana gaba ɗaya ba. Wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. A cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere; idan aka ci masa wannan hutu, dole a rama masa cikin kwana 14 ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci. Sashe na 7 ya wajabta a ba shi rubutattun sharuɗɗan aikinsa, har da awannin aiki, kafin ya wuce wata uku da farawa. Sai dai hukuncin wanda ya take waɗannan haƙƙoƙi, kamar yadda Sashe na 21 ya tanada, tara ce da ba ta wuce Naira 800 ba a karon farko. Kuɗin da a yau ba zai sayi mudun shinkafa ba.

Akwai kuma waɗanda dokar ta ce ba da su take ba. Ma'anar "ma'aikaci" a Sashe na 91 ta fitar da masu aikin gudanarwa da na shugabanci da na ƙwararru. Saboda haka likitan da ya kwana biyu a asibiti bai runtsa ba, ko matashin lauya, ko jami'in banki da ba ya barin ofis sai bayan isha'i, abin da zai riƙe shi ne takardar aikinsa da dokokin wurin aikinsa. Ga kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba shi da rajista ko takarda. Yaron shago a kasuwa da mai kwaɓa fulawa a gidan burodi ba su ma kai matsayin da za a cuce su da takarda ba.

Illar wannan giɓi ta fi fitowa fili idan aka haɗa shi da mafi ƙarancin albashi. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a wata, bayan ja-in-ja mai tsawo da ƙungiyoyin NLC da TUC. Amma albashin wata ba ya da ma'ana sai an san awa nawa ya saya. Mai aikin awa 40 a mako yana yin kusan awa 173 a wata, wato kowace awa ta tashi masa a kan Naira 404. Maigadin da ke tsayuwar awa 12, kwana shida a mako, yana yin awa 312, awarsa ta faɗo Naira 224. Dukansu biyu an biya su abin da doka ta ce, ɗaya kuwa ya sayar da lokacinsa a kusan rabin farashi. Wannan ma ga wanda dokar albashin ta shafa ke nan, domin ta ware wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba. Mai kamfanin da ƙarin albashi ya matse yana da hanya mai sauƙi ta mayar da kuɗinsa: ya rage ma'aikata, ya mayar da karɓa-karɓa uku ta awa takwas zuwa biyu ta awa 12. Babu sashen da ya karya.

Masu kare tsarin kan ce ƙasa mai fama da rashin aikin yi ba ta da halin ɗaure hannun masu zuba jari. Maƙwabtanmu ba su fi mu arziki ba, amma sun sa adadi. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta yanke awa takwas a yini ko 40 a mako, ta kuma hana tilasta wa ma'aikaci aikin ƙarin lokaci sai idan wurin aikin ya tsayar da farashinsa. Dokar aiki ta Jamhuriyar Nijar ta 2012 ita ma awa 40 ta yanke a mako. Ba a ce ana bin waɗannan dokoki sau da ƙafa a Kumasi ko Maraɗi ba, sai dai ma'aikacin can yana da lambar da zai nuna wa alƙali. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 a kan wannan batu take: awa takwas a yini, 48 a mako, kuma kuɗin ƙarin lokaci kada ya gaza ƙarin rubu'i a kan farashin awa. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka rattaba mata hannu.

Maganar ta wuce aljihu. Binciken haɗin gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sanadin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga irin waɗannan ma'aikata ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 idan aka kwatanta da masu aikin awa 35 zuwa 40. Maigadinmu na awa 72 ya wuce wannan layi da awa 17 kowane mako.

Ina mafita? Tsarin Mulkin 1999 ya ce a Sashe na 17 gwamnati ta tabbatar da yanayin aiki na adalci da mutuntawa, amma sashen yana Babi na Biyu, wanda ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na uku ya ba ta ikon duba zaluncin wurin aiki da auna shi da ƙa'idojin ƙasa da ƙasa. Sai dai kotu hujja take so. Wanda ba shi da takardar aiki, bai rubuta lokacin shigarsa da fitarsa ba, bai ajiye saƙon da manaja ya turo masa cewa ya tsaya har dare ba, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali. Kuma galibi sai bayan an kori mutum yake samun ƙarfin halin zuwa kotu.

Gwamnonin jihohi ba za su iya toshe giɓin da doka ba ko da sun so, domin harkar ƙwadago tana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gyaran da ake buƙata bai wuce layi biyu a Sashe na 13 ba: iyakar awannin mako, da mafi ƙarancin kuɗin ƙarin lokaci, sannan a ɗaga tarar Sashe na 21 zuwa abin da zai sa mai kamfani ya yi tunani. An shekara da shekaru ana maganar sabunta dokokin ƙwadago, kudirori na shiga majalisa suna fita. Su ma ƙungiyoyin ƙwadago ba su tsira daga zargi ba: ƙarfinsu yana wurin ma'aikatan gwamnati, waɗanda ke tashi ƙarfe 4, don haka duk wata gwagwarmaya a kan adadin albashi take ƙarewa.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato 2027 ke nan, shekarar babban zaɓe. Masu neman kujerun Majalisar Dattawa da ta Wakilai za su bi unguwa-unguwa neman ƙuri'a, kuma su ne kaɗai ke da ikon taɓa Sashe na 13.