Raddi ga masu fatawar cire tamostat

Akwai wata fatawa da ta yi kaka-gida a garejojinmu. Ka shigo da mota daga Kwatano, ko lamba ba a sa mata ba, sai ogan gareji ya leƙa injin ya ce, "Alhaji, bari mu cire tamostat ɗin nan mu haɗa fanka dairek. Don ƙasar ƙanƙara Turawa suka yi shi." Ina girmama masu wannan sana'a, da yawansu sun fi ni sanin ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma a wannan mas'ala sun yi kuskure, kuma daga aljihun mai mota ake biyan kuɗin kuskuren.

Babbar hujjarsu zafin gari. To, mu auna. A watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato kan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Shi kuwa tamostat ɗin Toyota Corolla sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake fara buɗewa, ya gama buɗewa a wajen 95. A tsakanin nan aka ƙera injin ya yi aiki. Ashe ranar da muke neman inuwa muna fifita, a lissafin injin sanyi ake yi, balle asubar hunturu a Jos. Saudiyya da Kuwait sun fi mu zafi, kuma motocin da ake sayarwa can sababbi fil da tamostat ɗinsu suke zuwa.

Sai su ce ai tare hanyar ruwa yake yi, in an cire ruwa zai fi gudu. Nan ne rashin fahimtar ta fi zurfi. Tamostat ƙofa ce mai ɗan kaki a cikinta. In injin yana sanyi ƙofar a rufe take, ruwa na zagayawa a cikin injin kawai ta wata gajeriyar hanya, don ya yi ɗumi da wuri. In zafi ya kai, kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar, ruwa ya nufi lagireto. A injina da yawa, lokacin da yake buɗe hanyar lagireto, gindinsa yana toshe waccan gajeriyar hanyar. Ka cire shi, hanyoyin biyu sun zama a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa injin bai ko shiga lagireto ba. Wanda ya cire don gudun zafi yana iya haɗuwa da zafin a cunkoso ko a hawa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurinsu ita ce ta gani da ido: "Mota ta zo tana tafasa, muka cire, ta daina." Wannan na yarda yana faruwa. Tamostat yana mutuwa, ya maƙale a rufe, injin ya yi zafi har gasket ya ƙone. Amma abin da ya mutu canza shi ake yi. Sau da yawa ma ba shi ne mai laifi ba: lagireto ne ya toshe, ko fanka ta daina tashi, ko murfin lagireto ya saki, wanda matsinsa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Cirewar ta rufe ciwon na ɗan lokaci ne kawai.

Masu cewa sun shekara biyar babu shi ba abin da ya faru kuwa, ɓarnar ce ba ta da ƙara. Ƙwaƙwalwar mota tana karanta zafin ruwa; muddin ta ga injin bai yi ɗumi ba, za ta ci gaba da ƙara masa fetur. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 wa ke da fetur ɗin zubarwa? Ragowar fetur ɗin kan wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka shi, fulogi ya yi baƙi, ringi ya ci da wuri. Motoci da yawa ma sukan kunna fitilar gargaɗi, in an sa na'ura ta nuna P0128.

Saura ƙorafin cewa jabu sun cika kasuwa. Gaskiya ne, amma tukunya tana raba gardama. Da na canza nawa a tsakar gida, sai da na rataya sabon da zare a ruwa bisa wuta. Kafin ruwan ya tafasa na ga bakinsa ya buɗe a hankali, da na tsamo shi ya huce ya rufe ruf. Tsohon ko motsi bai yi ba.

Aikin kansa ba ya gagarar mai haƙuri. Sharaɗi na farko injin ya kwana ya huce. Buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona fuskoki da yawa. Ka tsiyaye ruwan a roba, ka kawar da shi daga yara da dabbobi, don yana da ɗan zaƙi kuma guba ne. A Corolla, ka bi tiyon ƙasa na lagireto har inda ya shiga injin, noti biyu ne ke riƙe da gidan tamostat. Ka lura da yadda tsohon ya zauna: sifirin yana kallon cikin injin, ɗan ƙarfen nan mai kaɗawa da ke fitar da iska yana sama. Ka goge wurin, ka sa sabuwar roba, ka ɗaure notin da sauƙin hannu, gidan ba ya son ƙarfi. Kada ka zuba ruwan burtsatse. Yana haifar da tsatsar da kan kashe tamostat. Ruwan lagireto irin wanda littafin motar ya faɗa za ka sa.

Daga nan ka tayar da injin murfi a buɗe, ka kunna hita, ka bar kumfar iska ta fita kana ƙara ruwa. In tiyon ƙasa ya ɗauki zafi, tamostat ya buɗe ke nan. Ka mayar da murfi, ka jira fanka ta tashi da kanta, in an riga an haɗa ta dairek ka sa mai wayarin ya mayar da ita yadda take. Washegari da safe, kafin ka tayar, ka sake duba ruwan ka cike abin da ya ragu.