Kafin a sayar da gona saboda "gwaji a Turai"

1/ Jiya a gidan kallo nan Ikara, wani ƙanina ɗan shekara 16, mai buga lamba 7, ya ja ni gefe. Wai wani ejan ya ce a kawo miliyan biyu ya kai shi gwaji Turai. Har an fara zancen sayar da gonar tumatirin babansa. Wallahi ban yi barci ba. Ku zo mu yi magana.

2/ Yaron ya iya ƙwallo, ba ƙarya. In ya ja ta a gefe sai ƙura. Amma ko wasa ɗaya bai taɓa bugawa a lig ba. Iyakacinsa gasar unguwa da kofin Sallah.

3/ Na ce masa wa kake so ka zama? Ya ce Ahmed Musa. Na ce to zauna ka ji hanyar da ya bi. Makarantar ƙwallo ta GBS a Jos ya fara. Aka ba da shi aro ga JUTH, sannan Kano Pillars. A kakar 2009/10 ya ci ƙwallo 18 a lig ɗin Najeriya.

4/ Waɗannan 18 ɗin su suka kira VVV-Venlo ta Holan. Su suka zo nemansa. Kuma sai da aka jira ya cika 18 a Oktoban 2010, don dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro zuwa wata ƙasa kafin wannan shekarun, sai a wasu 'yan yanayi. To ɗan 16 ina za a kai shi?

5/ Daga nan CSKA Moscow a 2012, Leicester a 2016. Biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Kowane mataki, wasan da ya buga a na baya ne ya biya masa kuɗin mota.

6/ Ko Lookman da aka haifa a Landan, a ƙungiyar unguwa ta Waterloo Charlton ta tsince shi a 2014. Shekara goma bayan nan ya ci uku a wasan ƙarshe na Europa, ya zama gwarzon Afirka.

7/ Na san me za ku ce: lig ɗin gida ba kuɗi, albashi na makalewa, sai kana da hanya. Gaskiya ne, ba na musu. Amma wanda ya sha wahala a NLO ko NNL ya dawo gida da gonarsa. Wanda aka yasar a otal a wata ƙasa, biza ta ƙare, ejan ya kashe waya, me zai tarar?

8/ Ƙa'idata ɗaya ce: ƙungiyar da ke sonka da gaske za ta turo takardar gayyata da sunanta, a tantance. In kai ake cewa ka kawo miliyoyi tukuna, kai ne hajar.

9/ Matasan Ikara, Makarfi da Kudan, Zariya ba nisa, Kano ma haka. Ku nemi ƙungiya mai rajista, a ɗauki bidiyon wasanninku cikakku, kada ku rage shekaru, kada ku bar makaranta.

10/ Da safe na je na gaida babansa, na roƙe shi ya dakata. Ya ce zai yi shawara. In kana da ƙani irin wannan, tura masa. Allah Ya tsare mana su.