Kada Mu Bar Gara Ta Cinye Tarihinmu

Jama'a, akwai wata ɓarna da muke yi wa kanmu, ba kuwa wanda ya sa mu. Dattijo ya rasu, a raba gona da riguna, amma adakar takardunsa sai a jefa ta bayan ɗaki. Katin jam'iyya, da bajo, da takardar kiran lacca, duk gara ta cinye, abin da ya saura a ba mai tsire ya yi ƙunshi. Wai tarkace ne. Ni kuwa na ce shaidu ne muke binnewa.

Ku dubi zaɓen 1959. Yawancin masu jefa ƙuri'a ba su iya karatu ba, saboda haka aka manna wa kowane akwati alama. Fartanya ta NPC ce, tauraro na NEPU. Wannan ya ce Salama, wancan ya ce Sawaba. To, wanda ya riƙe tsohon kati mai tauraro ko mai fartanya, ai ya riƙe hujjar yadda talaka ya fara zaɓen mai mulkinsa.

Sa'an nan ga maganar masu baki. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi cikin Majalisar Arewa a Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e. Wannan jawabi yana nan har yau, domin akwai akawu da alƙalami a wurin. Amma ina laccocin da Malam Aminu Kano ya yi ta yi a bakin kasuwa, tun daga kafa NEPU a Kano cikin 1950 har rasuwarsa a 1983? Ina na Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri tana nema wa matan Arewa ƙuri'a? Da Hausa aka yi su, cikin kunnen mutane suka zauna, masu kunnen kuwa suna ta ƙarewa.

Wani zai ce, ai an rubuta littattafai. Gaskiya ne. Sardauna ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1962, John Paden ya rubuta na Sardauna a 1986, Trevor Clark ya yi na Tafawa Ɓalewa a 1991. Madalla da su. Amma da Turanci suka fito, labarin manya kuma suka bayar. Wa zai ba da na tela da ya ɗinka tutar jam'iyya, ko na manomin da aka kai gaban alƙali don ya je lacca?

Wani kuma ya ce, tone-tone ne, an yi faɗa, an yi ɗauri, a bar kaza cikin gashinta. Wannan magana ba ta karɓuwa. Miki ba ya warkewa don an rufe shi da tsumma. In masu gaskiya suka yi shiru, maroƙa ne za su rubuta tarihi, kowa ya wanke ubangidansa ya shafa wa abokin hamayya baƙin tukunya. Yaran da ba su ga kome ba sai su haɗiye.

To, ya kai mai karatu, kai da ka yi yaƙi da jahilci ka ci nasara, ga aiki ya same ka. Nemi littafin rubutu, ka tafi wurin tsoho ko tsohuwar da suka ga zamanin. Tambayi wanda ya yi magana, da garin, da shekarar, da abin da ya faɗa. Rubuta yadda aka gaya maka, ko da bai yi wa jam'iyyar gidanku daɗi ba. Katin da ka samu kuwa, sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da laima. In ba ka iya adana shi, akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano, inda ake tattara irin waɗannan abubuwa.

Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa. Amma sai an bar sawu ake samun abin waiwaya. Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.