Raddi ga masu cewa da dimokuraɗiyya aka haifi Amurka

Akwai masu cewa dattawan da suka taru a Filadelfiya a 1787 mulkin jama'a suka kafa, wai talaka da attajiri duk ɗaya ne a wurinsu. Hujja uku suke kawowa.

Ta farko, wai da sunan jama'a kundin tsarin mulkin da suka rubuta ya buɗe. Haka ne, amma majalisar wakilai kaɗai aka bar wa jama'a su zaɓa da hannunsu. Sanatoci majalisun jihohi ke naɗa su har 1913, shugaban ƙasa kuwa wasu wakilai na musamman ke zaɓensa.

Ta biyu, wai tsoron sarki ne ya tara su. Ina! Sarkin Ingila ai ya sallama musu ƙasar tun 1783. Masu hana su barci su ne manoman yammacin Masachuset da bashi da haraji suka yi wa katutu, waɗanda a 1786 suka saɓa bindigogi tare da wani tsohon soja, Daniel Shays, suka tsare ƙofofin kotuna don kada alƙalai su zauna a yi gwanjon gonakinsu. A wannan shekarar jihar Rod Ailan ta buga kuɗin takarda, ta tilasta wa masu bin bashi karɓa ko da darajarsa ta zube. Sai ga kundin ya haramta wa jihohi buga irin wannan kuɗi, ya kuma hana su yin dokar da za ta warware yarjejeniyar da aka ƙulla. James Madison, ɗaya daga cikin dattawan, bai yi ɓoye-ɓoye ba: a maƙala ta 10 cikin jerin maƙalun Federalist masu kare kundin ya sa yafe basussuka da raba dukiya daidai wa daida cikin miyagun manufofi, a zauren taron kuma ya ce aikin majalisar dattawa ne ta kare masu hannu da shuni daga rinjayen masu yawa.

Hujja ta uku ce mai ɗan nauyi: kundin bai gindaya sharaɗin dukiya ga mai jefa ƙuri'a ba. Lalle a taron Gouverneur Morris ya nemi a taƙaita ƙuri'a ga masu filaye, Benjamin Franklin ya ƙi, shawarar ta sha ƙasa. Sai dai jihohi aka bar wa maganar, kuma a lokacin akasarinsu suna da sharaɗin fili ko na biyan haraji. Dukiyar da aka fi yi wa katanga ma bayi ne: wanda ya tsere dole a mayar da shi ga ubangidansa, majalisa kuma ba ta da ikon hana shigo da bayi kafin 1808.