Sharhi: Kwali, Waƙa da Fuskar Jarumi a Tallan Finafinan Hausa

Kafin mai kallo ya zauna gaban fim, akwai abubuwan da suka riga suka iske shi, waɗanda su ne suka sa ya ware kuɗinsa da lokacinsa: hoton da aka manna a bango, da waƙar da ya ji a rediyo ko a shagon mai cajin waya, da gajeren yankin fim ɗin da aka saki tun da wuri domin somin-taɓi, wanda 'yan fim ke kira tirela. Waɗannan su ne kayan tallan fim, kuma sharhin na yau zai duba yadda masana'antar finafinan Hausa, wadda aka fi sani da Kannywood, ta riƙa sarrafa su domin jan hankalin waɗanda take nufi, da kuma abin da hakan ya jawo mata.

A ƙa'idar talla, ba a yi wa kowa da kowa magana a lokaci guda, domin abin da ke burge matashi ɗan shekara ashirin ba lallai ne ya motsa uwar 'ya'ya biyar ba. Saboda haka mai talla yakan fara da tantance masu kallon da aka nufa, wato rukunin mutanen da ake sa ran su ne za su biya kuɗi, sannan ya zaɓi hoto da sauti da kalmomin da suka dace da su. Manyan kamfanonin fim na Amurka sukan kasa masu kallo gida huɗu, maza da mata, 'yan ƙasa da shekara 25 da waɗanda suka haura haka, kuma sukan shirya wa fim ɗaya tirela fiye da ɗaya gwargwadon wanda ake so a kamo. Fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, wanda ya fito a 1975, shi ake yawan kafa hujja da shi a wannan fanni, saboda an haɗa tallan talabijin mai yawa da fosta guda wadda ke nuna ƙaton kifi ya buɗe baki a ƙarƙashin wata mai iyo, hoton da ya isar da tsoro ba tare da dogon bayani ba.

A ƙasar Hausa lamarin ya bi wata hanya dabam, kuma ba za a fahimce shi ba sai an san su wane ne masu kallon. Gidajen sinima na Kano, irin su Rex da Palace da Plaza da Marhaba, sun shafe shekaru suna nuna finafinan Indiya da na Amurka da na Sin, amma galibin masu shiga cikinsu maza ne, domin al'ada ba ta ɗauki sinima wurin zuwan macen kirki ba. Da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, sai fim ya samu ƙofar shiga cikin gida, inda matan aure da 'yan mata suke, kuma su ne dama suka riƙe kasuwar littattafan soyayya da ke tashe a wancan lokaci. Ba abin mamaki ba ne da wasu finafinan farko suka fito daga waɗannan littattafai, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, domin sunan littafin da aka riga aka karanta a ɗakuna da makarantu talla ne da ba a kashe masa ko kwabo ba. Tun daga nan zancen soyayya da kishi da auren dole da zaman gidan miji ya zama abin da ake sa wa a gaba wajen tallata fim, saboda shi ne abin da masu kallon suka sani a rayuwarsu.

Abu na farko da ya kamata a tsaya a kansa shi ne kwali, wato bangon takarda mai hoto da ake saka kaset a ciki, daga baya kuma faifai. A tsohon tsarin kasuwar fim ta Ƙofar Wambai da Bata a Kano, furodusa, wato mai ɗaukar nauyin fim, yakan miƙa wa 'yan kasuwa uwar kaset su yi ta kwafa, shi kuwa ya buga kwalaye ya sayar musu, ta yadda ribarsa ta rataya ne a kan yawan kwalin da ya shiga. Ke nan takardar da ke tallata fim ita ce kuma ma'aunin kuɗin mai fim, kuma wannan ya sa aka ba ta kulawar da wani lokaci ta zarce wadda aka ba labarin kansa. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan kwali zai tuna fasalinsa: jarumi a tsakiya, mata biyu a gefensa, ɗaya ta yi murmushi ɗaya ta haɗe rai, launuka masu ƙarfi, sunan fim da manyan haruffa, a ƙasa kuma jerin sunayen 'yan wasa da na mawaƙa. Wannan tsari yana faɗa wa mai saye cewa akwai kishi ko takara a kan masoyi tun kafin ya karanta kalma ɗaya, abin da ke da muhimmanci a kasuwar da da yawan masu sayenta ba su yi zurfi a karatun boko ba. Akwai kuma wani dalili: sau da yawa mai kallon ba ita ke zuwa kasuwa ba, yaro take aika ko ta saya a hannun masu yawo da kaya, don haka dole fim ya kasance mai sauƙin kwatance, a ce wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suke a jiki, ko mai suna kaza. Gajerun sunaye masu daɗin faɗa, irin su Sangaya da Wasila da Mujadala, sun dace da wannan buƙata.

Sai dai babu wani kayan talla da ya kai waƙa tasiri. Masu shirya finafinan Indiya sun daɗe da al'adar sakin waƙoƙin fim kafin fim ɗin ya fito, kuma Hausawa, waɗanda suka shafe shekaru suna haddace waƙoƙin Indiya ba tare da jin harshen ba, sun karɓi wannan salo cikin sauƙi. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, shi ne ya tabbatar wa 'yan kasuwa ƙarfin wannan hanya, domin waƙarsa, wadda aka yi da kiɗan fiyano, ta karaɗe gidajen biki da tashoshin mota da shagunan kaset, ta kuma ja mutane zuwa ga fim ɗin. Waƙa tana da fifikon da fosta ba ta da shi: tana shiga gida ta rediyo ba tare da neman izini ba, yara su ɗauka, 'yan mata su rera a wurin aiki, ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram da zangunan Ghana ba tare da an biya kuɗin mota ba. A farkon kowane kaset kuma akan jera tirelolin finafinai masu zuwa, waɗanda yawanci yankin rawa da waƙa ne da 'yan wuraren kuka ko faɗa, ta yadda wanda ya sayi fim ɗaya ya sayi tallan wasu da dama.

A nan ne talla ya fara juya akalar abin da ake tallatawa. Da 'yan kasuwa suka ga cewa waƙa ce ke sayar da fim, sai tambayarsu ga furodusa ta koma waƙa nawa ce a ciki kuma wane jarumi ne ya hau ta, labari kuwa ya koma baya. An kai lokacin da ake fara yin waƙa sannan a nemo labarin da za a rataya mata, kuma mai kallo mai lura yakan gane hakan, domin sai ana tsakiyar rikicin gida a ga an yanke an koma lambu ana rawa, an sauya tufafi sau uku, sannan a dawo inda aka tsaya. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubutu mai yawa a kan yadda wannan salo, tare da kwaikwayon labaran Indiya, ya mamaye masana'antar a farkon shekarun 2000.

Finafinan barkwanci, waɗanda ake yi wa laƙabi da camama, sun nufi wani rukuni ne dabam, musamman yara da magidanta da mutanen karkara, kuma tallansu bai buƙaci ado ba. Sunan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, shi kaɗai ya isa, shi ya sa aka riƙa liƙa shi a gaban sunan fim, a sa hotonsa a kwali cikin wata shiga ta ban dariya. Mujallu ma sun taka rawa, musamman Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda a cikinta sunan Kannywood ya fara fitowa, da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme da ta fara a 1999, domin hira da hotunan 'yan wasa sun mayar da su taurarin da fuskarsu kaɗai ke sayar da kaya.

Akwai wani ɓangare da masu talla ba su cika lissafawa ba, alhali shi ne ya fi jawo wa masana'antar tsada. Fim ana kallonsa ne a ɗaki, wanda ya zaɓa shi ke gani, amma fosta tana bakin titi, waƙa kuma tana tashi a lasifika, don haka suna isa ga malami da dattijo da uban 'ya'ya, waɗanda ba a yi domin su ba kuma ba za su zauna su kalli fim ɗin ba. Tun da yake abin da ake zaɓa domin talla shi ne mafi ɗaukar ido, wato rawar mace da namiji da shigar da ta saɓa wa abin da aka saba, sai waɗannan mutane suka yi wa masana'antar hukunci da abin da suka gani a bango, ko da kuwa labarin da ke ciki ya ƙare ne da wa'azi a kan biyayya ga iyaye. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 an dakatar da harkar fim na wani lokaci, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, kuma rawa da waƙa da sutura suna cikin manyan abubuwan da aka yi ta taƙaddama a kansu tun daga lokacin. Adalci shi ne a ce wasu daga cikin masu sukar sun wuce gona da iri, amma kuma masu fim ne da kansu suka zaɓi fuskar da suka nuna wa jama'a.

Kasuwar kaset da faifai ta durƙushe sakamakon satar fasaha da yaɗuwar wayoyin hannu, inda masu tura finafinai a waya suka maye gurbin shagunan da, ga kuma gasar finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da finafinai masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda suka yi tashe daga 2020, sun sauya wurin da ake haɗuwa da mai kallo. Kwali ya koma ɗan ƙaramin hoton da ke fuskar bidiyo a YouTube, wanda dole ya ja ido a allon waya cikin ƙiftawa, shi ya sa ake cika shi da fuska mai hawaye ko ta mamaki da rubutu mai launin ja ko rawaya. Tirela ta koma yankin daƙiƙa talatin a TikTok da Instagram da Facebook, jaruman kuma su ne masu tallan kansu a shafukansu. Hatta yadda ake yanke kowane kashi a daidai inda rai ya rataya talla ne ga kashi na gaba. Finafinan da ake kaiwa sinima kuwa, kamar Mansoor na 2017 da aka nuna a sinimar kantin Ado Bayero a Kano, suna neman matasan birni masu kuɗin tikiti, don haka akan saita fitowarsu da bukukuwan Sallah, a kuma tallata kyan hoto da girman aiki.

Sabon tsarin ya zo da tsohuwar matsala cikin sabuwar riga. Tun da kuɗin da YouTube ke biya yana bin yawan kallo, an samu masu sa hoto ko kanun da ba su da alaƙa da abin da ke ciki, wani lokaci ma a ɗauko tsohon fim a sauya masa suna a ce sabo ne, ko a sa fuskar jarumin da fitowarsa ba ta wuce minti biyu ba. Wannan yaudara ce, kuma mai kallon da ya ƙona datarsa a kanta sau biyu ba zai dawo na uku ba, sannan ɓacin sunan yakan shafi har waɗanda suka yi aikinsu da gaskiya. Haka kuma yankin da aka yanko domin matasa a TikTok yana faɗawa hannun yara da iyayensu fiye da yadda fosta ta taɓa yi.

Don haka ana kira ga furodusoshi da daraktoci da su ɗauki hoton talla da tirela da waƙa a matsayin wani ɓangare na aikin da za a tambaye su a kansa, su nuna abin da ke cikin fim ɗin, su kuma tuna cewa wanda ba a nufa ba shi ma zai gani. Ƙungiyoyin masu shirya fim da hukumomin tacewa su sa ido a kan tashoshin da ke sauya wa finafinai suna domin yaudarar jama'a, masu kallo kuma su daina danna irin waɗannan bidiyoyi da tura su ga 'yan uwa, domin da kallonsu ne masu yin hakan ke samun kuɗi.