Tumatirin Gwangwani: Abin da Iyalan Mutti Suka Riga Mu Ganewa

A 1899, wasu 'yan'uwa biyu, Marcellino da Callisto Mutti, suka buɗe wata 'yar masana'antar sarrafa tumatir a wani ƙauye kusa da birnin Parma na ƙasar Italiya. 'Ya'yan gidan noma ne. Sun fara da abin da gonakin maƙwabta ke bayarwa, suka sa wa hajarsu tambarin zakuna biyu da ko wanda bai iya karatu ba zai gane.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsu ya faru a 1951. Lokacin gidaje da yawa ba su da firiji, gwangwanin da aka buɗe yau kan lalace kafin a ƙarar. Sai suka zuba markaɗaɗɗen tumatir a bututun alminiyom irin na man goge baki: a matsa daidai na miyar yau, a rufe. Murfin ma sun ƙera shi yadda mace za ta sa a yatsa wajen ɗinki, kada allura ta soke ta. Wanda ya yi wannan tunani ya san madafa, ya san uwargida. Har yau zuriyar gidan ce ke tafiyar da kamfanin, kuma duk shekara suna ba manoman da suka kawo tumatir mafi kyau kyauta.

Mu kuwa a Najeriya kullum idonmu na kan katafaren kamfani. Na Kadawa a jihar Kano da aka buɗe a 2016 ya sha tsayawa, wani lokaci saboda tsutsar da ta cinye gonaki, wani lokaci saboda manoma sun fi samun farashi a kasuwa. Babban inji yana buƙatar tireloli kullum; ƙaramin tukunya kwando hamsin sun ishe ta.

A ganina, iyali ɗaya a Kura ko Ɗanja da za su daidaita farashi da manoma goma tun kafin shuka sun fi kusa da dorewa. Ba abu ne mai sauƙi ba: akwai wuta, akwai tsadar gwangwani, kuma abincin da ba a dafa aka rufe da kyau ba yana iya kisa, don haka rajistar NAFDAC dole ce. Amma duk watan Maris tumatir na ruɓewa a Kwanar Gafan, wanda ya tsira kuma a shanya shi kauɗa a ƙasa, bakin titi.