Ba ofishin biza ne ya riƙe matarka ba, kai ne

Da kai nake, malam mazaunin Ingila, wanda ya zo gida hutu, aka ɗaura aure aka sha biki, ka hau jirgi ka koma, ka bar 'yar mutane a ɗakin uwarta da alkawarin "nan da wata uku za ki biyo ni". Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Kayan ɗakinta na nan a ɗaure cikin kwalaye, ƙawayenta da aka yi bikinsu bayan nata har sun yi goyo. Duk wanda ya tambaye ka amsarka ɗaya ce: "Takardu muke jira, kun san halin Turawa." To, mu ma mun san halin wasunku. Sau da yawa babu wata takarda da ake jira, domin ko ba a shigar da ita ba, ko an shigar da ita cike da ƙarya ta dawo.

Babu mai musun cewa dokar tana da tsauri. Tun watan Yuli na 2012, lokacin da Theresa May ke riƙe da Ma'aikatar Cikin Gida, Birtaniya ta ɗora wa ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin da ke son ɗauko matarsa sharaɗin samun fam 18,600 a shekara. An kai maganar har Kotun Ƙolin ƙasar, a 2017 ta bar sharaɗin yana nan daram. A ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai kuwa sai ya nuna fam 88,500 da suka yi wata shida a hannunsa. Kuɗin neman bizar daga waje ya kai fam 1,938 a 2025, ga harajin kula da lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biyan na shekara uku a dunƙule. Kafin amarya ta taka filin jirgi an haura fam 5,000. Talaka yana da hujjar kuka da wannan tsari.

Amma ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a ɓoye yake ba. Suna nan a rubuce a shafin gwamnatin ƙasar na intanet, kyauta, cikin Turancin da kake aiki da shi kullum. Ka san abin da kake samu tun kafin ka tura magabatanka neman aure. Idan albashinka bai kai ba, me ya hana ka faɗa wa surukanka gaskiya su yi shawara da idonsu a buɗe? Ka yi shiru ne domin kada darajar "ɗan Landan" ta zube, ka gwammace rayuwar yarinya ta tsaya cik.

Ko masu albashin da ya kai ma sakaci na kayar da su. Ma'aikacin da ya yi wata shida a wuri ɗaya ana neman takardun albashinsa na watannin, da bayanin asusun banki da ke nuna shigar kuɗin daidai da abin da takardun suka ce, da wasiƙar wurin aiki. Aikin da ake biyanka hannu da hannu ba tare da haraji ba, ba ya shiga lissafi komai yawansa. Kuɗin da abokai suka tara maka aro ka zuba a asusu ana gobe cike fom, shi ma haka. Ana kuma son a ga muhallin da zai ɗauke ku ba tare da cunkoso ba, kai kuwa har yau ɗaki ɗaya kuke kwana da gwauraye biyu a Mancesta.

A nata ɓangaren akwai jarrabawar Turanci ta matakin farko, ji da magana kawai, a cibiyar da aka amince da ita. Akwai gwajin tarin fuka a asibitin da aka ware, kamar a Abuja ko Legas, takardarsa wata shida take yi ta mutu. Watannin da ta kwashe tana zaman jira sun isa ta koyi wannan Turanci har ta ƙware, amma ba ka sa ta a aji ba, wani ma cewa yake matarsa ba za ta fita ba. Sai ranar da aka baje takardu a tebur a ga abin mamaki: a fasfo Hauwa'u, a takardar aure Kulu, a katin ɗan ƙasa Maijidda, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A gida kowa ya san mutum ɗaya ce. Jami'in da ke duba fayil bai san haka ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi hasashe. Haka batun ɗaurin aure: wakili ya karɓa maka kana can, aure ya ɗauru, amma doka na son hujjar cewa kun taɓa haɗuwa ido da ido kuma zumuncin yana raye. Kai kuwa ko hoto ɗaya na kirki ba ka adana ba.

Da abu ya cuɗe sai a garzaya wurin ejan. Ga shi can a ɗan shagonsa, da kwamfuta da firinta da tarin fasfo an ɗaure da roba, yana cewa, "Alhaji, ka bar mini komai, ina da mutum a ciki." Ba shi da kowa a ciki. Abin da yake da shi wayo ne na ƙara sifili a takardar banki da buga wasiƙar kamfanin da babu shi. Ya cike fom da amsoshin da matarka ba ta taɓa gani ba, a kai ta ta dangwala yatsu a ɗauki hotonta. Ramin ƙarya ƙurarre ne: masu binciken suna tuntuɓar banki, suna tuntuɓar wurin aiki. In asiri ya tonu, kuɗin biza ya tafi ke nan, kuma hukuncin yaudara na iya kai wa hana shiga ƙasar har shekara 10. Sunan wa ke kan fom ɗin? Nata. Ejan ya ci kuɗinsa ya kashe waya, kai kana can kana zuwa aiki, ita ce aka yi wa tambarin maƙaryaciya a kan ƙaryar da ba ta san an yi ba. A Birtaniya laifi ne mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ko lasisin lauya ba. Ka san da wannan, amma ka zaɓi mai araha.

Mafi muni su ne masu ɓoye mata. Tun 1988 dokar Birtaniya ta toshe hanyar kawo mata ta biyu a matsayin matar aure muddin ta farko ta riga ta shigo a wannan matsayi kuma auren yana nan. Addininka ya halatta maka ƙarin aure, dokar ƙasar da ka zaɓi zama a cikinta ba ta yarda ka tara su a can ba. Maimakon a karɓi wannan a tsara rayuwa a kai, sai a shiga dabara. Wani ya rubuta amarya a matsayin ƙanwarsa mai zuwa ziyara. Wani ya sa a buga masa takardar sakin uwargida, yana cewa "ai ta ofis ce kawai". Je ka tambayi kowane malamin fiƙihu ko ana wasa da saki. Wani kuma ya cusa ɗan ƙaninsa cikin jerin 'ya'yansa, sai shakku ya shiga, 'ya'yan cikinsa ma su rasa.

Ɗalibai, ku ma ba ku tsira ba. A 2022 iyalan ɗalibai 'yan Najeriya sama da 60,000 suka sami biza, fiye da na kowace ƙasa. Wannan ƙofa ta ƙuntata: daga 1 ga Janairun 2024 mai karatun digiri na biyu irin na zaman aji ba ya ɗauko iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga 11 ga Maris na shekarar aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya su ma ɗauko iyali. Amma har yanzu ana samun saurayi ya durƙusa gaban dattijo yana cewa, "Baba, da na sauka zan turo mata." Da wace doka?

Akwai kuma wanda ya kawo ta lafiya, sannan ya mayar da bizar takunkumi. Ya ƙwace fasfo ya kulle a akwatinsa, ya hana ta makaranta, saɓani kaɗan ya ce, "Ni na kawo ki, gobe in na ga dama in mayar da ke." Ya san bizar farko ta wata 33 ce, ana sabunta ta da wata 30, sai an cika shekara biyar a sami zaman dindindin, duk wannan kuma da sa hannunsa. 'Yar'uwa, ki sani doka ta ba matar da aurenta ya mutu saboda cin zarafi damar neman zaman dindindin da kanta in bizarta ta matar ɗan ƙasa ce ko ta mai zaman dindindin. Tun Janairun 2024 ma wadda aka yaudara aka dawo da ita gida da sunan hutu aka yasar tana iya nema daga inda take.

Iyaye da waliyyai, laifinku ba ƙarami ba ne. Kuna binciken asalin manemi har kakan kakansa, amma jin "Ingila" sai bakinku ya mutu. Ku tambaye shi wace irin takardar zama yake da ita, ko tana ba shi ikon ɗauko mata, nawa yake samu, ko yana da wata matar a can. Ku sa wani mai ilimi a dangi ya duba da idonsa. Wannan ba rashin kunya ba ne, amana ce. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya ba mace damar kai kuka gaban alƙali idan doguwar ƙauracewar miji ta cutar da ita, ko da yana aiko da kuɗin cefane.

Kai kuma malam, hanya uku ce a gabanka. Ka zauna ka karanta sharuɗɗan, ka gyara takardu da gaskiya, ka nemi ƙwararre mai rajista, ka faɗa mata ainihin lokacin da abin zai ɗauka. In ka ga ba zai yiwu ba, ka tattaro ka dawo ka zauna da iyalinka, ko ka riƙa zuwa a kan kari bisa yardarta. In duka biyun sun fi ƙarfinka, ka ji tsoron Allah ka sauwaƙe mata tun da sauran ƙuruciyarta.